Waiwaye: Yadda burodin Biyetnam ya haɗu da jatan landen New Orleans

Muhawara ta daɗe a birnin New Orleans na Amurka a kan sanwicin da ake zuba wa soyayyen jatan lande ko kawa irin na kudancin ƙasar, sannan a ɗora masa karas mai tsami da ganyen kusbara da ɗanyen barkono irin na Biyetnam. Masu kishin po'boy, wato sanwicin gargajiyar birnin, suna ganin yayi ne da masu gidajen abinci suka ƙirƙiro bayan guguwar Katrina ta 2005, wasu 'yan Biyetnam kuma suna ƙorafin cewa an ari banh mi, wato sanwicin ƙasarsu, ana cin riba da shi. Duka ɓangarorin biyu sun fara lissafi daga tsakiyar labari.

Farkon sananne ne. Faransawa ne suka kai dogon burodinsu Biyetnam a zamanin mulkin mallaka, kuma su ne suka kafa New Orleans a 1718. An fi danganta sunan po'boy da yajin aikin ma'aikatan jiragen ƙasa na cikin gari na 1929, lokacin da 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a ƙarshen yaƙin ƙasar a 1975, Cocin Katolika ya tsugunar da 'yan gudun hijirar Biyetnam a gabashin New Orleans.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sana'ar da waɗannan baƙi suka kama a ƙarshen shekarun 1970. Da yawansu masunta ne tun kaka da kakanni, wasunsu ma sun riga sun yi hijira daga arewacin ƙasarsu zuwa kudu a 1954. Da suka iso gaɓar Tekun Meziko, sai suka tarar da masana'antun Biloxi a jihar Misisifi da na Bayou La Batre a Alabama suna neman hannaye, domin ɓare kawa da fere jatan lande aiki ne na tsayuwa tun asuba cikin sanyi da ƙarni, ana biya gwargwadon abin da mutum ya cika. Mata suka shiga wannan aiki, maza suka yi yaran jirgi, iyalai suka riƙa haɗa kuɗi irin na adashi har suka sayi jiragen kansu. Shigar tasu ba ta zo da sauƙi ba. A Seadrift ta jihar Texas, rikici a kan wuraren kamun ƙaguwa ya kai ga kisan wani masunci Bature a 1979, aka ƙona jiragen 'yan Biyetnam. Duk da haka suka daure, kuma kafin a jima, kaso mai tsoka na jatan landen da ake soyawa a po'boy daga komarsu yake fitowa.

A ganina nan ne haɗin ya samo tushe. Iyalin da ke da sabon kamu kullum, ga burodi mai ƙamas-ƙamas daga gidan burodin unguwa, ga karas a kwalba, ba sa jiran wani gwanin girki ya nuna musu abin yi. Gidan burodin Dong Phuong, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1980, ya sayar da banh mi tun lokacin da mutanen gari ke ce masa po'boy ɗin Biyetnam, kuma a 2018 ya samu lambar yabo ta gidauniyar James Beard mai karrama masu girki da gidajen abinci a Amurka.

Abin da Katrina da malalar mai ta 2010 a Tekun Meziko suka yi shi ne gaggauta barin teku. Ga tsadar man jirgi, ga jatan lande mai araha da ake shigowa da shi daga waje, sai 'ya'yan masuntan da suka tashi da cin abincin gida da na gari suka koma buɗe shagunan sanwici a cikin birni.