Wasa wuƙar injin yankan ciyawa da daidaita nauyinta: tambayoyi da amsoshi ga masu aikin fili a Damagaram

Da ruwa ya zauna a watan Yuli, injinan yankan ciyawa da suka shafe rani a ɗakin ajiya sukan fito aiki a otel-otel, harabar ma'aikatu, filayen ƙwallo da gidajen da ke da ɗan lambu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu kula da lambu da yaran makanikai suka fi yi. Maganar ta shafi injin da ake turawa da hannu, mai wuƙa ɗaya a ƙarƙashinsa, wadda tsawonta ke tsakanin santimita 40 da 53.

Malam, ta yaya zan gane wuƙa ta dakushe ba tare da na kwance ta ba?

Ciyawar ce za ta gaya maka. Tsinko ƴan ganye bayan yanka ka duba bakinsu. Wuƙa mai kaifi tana datse ganye sumul, dakusasshiya kuwa tsaga shi take, ta bar zare-zare a baki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga saman filin ya yi fari-fari ko ja-ja, mutum ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ban ruwa. Gaskiya ne ganyen da aka tsaga ya fi saurin bushewa, amma maganinsa yana wurin wuƙa. A gari irin Zinder da aka san tsadar ruwa, asara ce a zuba shi a kan laifin ƙarfe. Sauran alamu: injin yana nishi a ciyawar da da yake wucewa cikin sauƙi, yana shan isansi fiye da yadda ya saba, kuma yana barin tsaye-tsaye a bayansa sai an sake bi.

Sau nawa ya kamata a wasa ta?

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce bayan aikin awa 20 zuwa 25. Wannan lissafin filin da ciyawa ta rufe ƙasa ruf ne. Namu filayen rairayi ne da tsakuwa, ciyawar kuma tsalli-tsalli take, ga ƙarangiya da tsaidau a tsakani. Wuƙa tana zuƙo iska daga ƙasa, ta ɗauko yashi ta riƙa bugawa a jikinta. Saboda haka a nan a duba ta duk bayan awa 8 zuwa 10, a kuma duba nan take duk lokacin da ta daki dutse, ƙwallon goruba ko guntun ƙarfe. Ɗaga inji a kan tayoyinsa a yi yanka a tsayin santimita 5 zuwa 7 yana rage yashin da ake ɗauka sosai.

Yaya ake cire ta ba tare da an ji ciwo ba?

Farko, kuma babu rangwame a kansa: zare wayar buji ka kautar da ita nesa da kan bujin. Juya wuƙa da hannu daidai yake da jan igiyar tayarwa, injin da ke da ɗumi yana iya tashi. In mai batiri ne, a cire batirin. In na lantarki ne, a zare waya daga bango.

Sai a bar tanki ya kusa ƙarewa, ko a shimfiɗa ƴar leda a bakin tankin a ɗaure murfi a kanta. A kwantar da injin ta yadda matatar iska da kafireto za su kasance a sama. In aka kifa shi ta ɗaya gefen, baƙin mai yana gangarawa ya jiƙa matatar iska, daga baya injin ya ƙi tashi ko ya cika wuri da farin hayaƙi.

Kafin ka taɓa noti, sa alama da alli ko fenti a fuskar wuƙar da ke kallon ƙasa. Cusa guntun katako tsakanin wuƙa da bangon kwanon inji, wato murfin da wuƙar ke juyawa a cikinsa, don ta daina juyawa, kada ka riƙe ta da hannu ko da akwai safar fata. Notin tsakiya a yawancin injinan turawa yana kwancewa ne ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Yi amfani da sufana mai zobe daidai da kan notin. Mai buɗaɗɗen baki tana zamewa ta cinye kusurwoyinsa. In tsatsa ta kama shi, ɗiga masa gas ko man kwance tsatsa ka ba shi minti 15. Jera abin da ka ciro bi da bi: noti, zoben ƙarfe, wuƙa, da mazaunin da ke haɗa ta da sandar inji.

Na ciro ta. Sai in fara wasawa?

Tukuna. Kankare busasshiyar ciyawa da laka da burushin ƙarfe har sai ƙarfen ya fito, sannan ka duba ko wuƙar ta cancanci wahalar wasawa ma.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne bayan wuƙa. A kowane ƙarshe akwai ɓangaren da aka lanƙwasa sama, wato fiffike, shi ke tada iska ya miƙar da ciyawa ya kuma jefa ta waje. Yashi yana cin daidai lanƙwasar da fiffiken ya haɗu da jikin wuƙa. Da farko wurin yana yin sheƙi, sai ya yi kwari, sai ya sirance har wata ƴar tsaga ta bayyana. Wuƙar da ta kai nan ta gama aiki, ko da bakinta na da kyau. Mai tsawon santimita 53 da ke juyawa sau 3,000 a minti, ƙarshenta yana gudun kusan kilomita 300 a awa. Guntun fiffiken da ya ɓalle a wannan gudu yana iya huda ƙafar mai tura inji ko ya sami yaron da ke wasa a gefe. A ƙasa mai rairayi irin tamu, wuƙaƙe da yawa ta baya suke mutuwa tun bakinsu bai ƙare ba.

A jefar da ita kuma in akwai tsaga ko'ina, musamman kusa da ramin tsakiya, in ramin ya buɗe ya daina kama mazauninsa, in ta lanƙwashe, ko in giɓin da dutse ya yi mata ya yi zurfin da sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin a shafe shi.

Mai walda ba zai iya like tsagar ba, ko maƙeri ya miƙe ta?

A'a. Maƙeranmu gwanaye ne wajen fartanya, lauje da gatari, inda ake sa ƙarfe a wuta a buge bakinsa. Wuƙar inji an riga an gasa ta a masana'anta zuwa wani tauri na musamman, yadda za ta riƙe kaifi amma ta lotsa maimakon ta fashe in ta daki dutse. Wuta ko walda suna ɓata wannan, wani wuri ya yi laushi, wani ya yi gautsi. Haka nan kada a yanko wuƙa daga sifirin ɗin mota. In babu irinta a gari, a tafi da tsohuwar ko a aika da awonta ga masu sayo kaya daga Kano: tsawo daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗi, da girma da siffar ramin tsakiya, domin wani zagaye ne, wani mai siffar tauraro.

Wane irin kaifi ake so?

Kaifin fartanya ake nema, ba na askar wanzami ba. Bakin da aka sirantar sosai yana naɗewa ko ya ɓantare cikin awa ɗaya a yashi. A bar masa ɗan kauri kamar rabin milimita. Gudun wuƙa ne ke yin yawancin yankan.

Gangaren bakin kusan digiri 30 ne a yawancin wuƙaƙe. Ga hanyar aunawa ba tare da na'ura ba: a digiri 30, faɗin gangaren ninki biyu ne na kaurin wuƙa. In kaurinta milimita 4 ne, gangaren ya zama kusan milimita 8. In ya fi haka faɗi ka kwantar da hannu da yawa, in ya kasa ka miƙar da shi da yawa. Wata dabarar ita ce a shafe gangaren da baƙar tawada, a goga sau biyu ko uku a duba. In tawadar ta fita gaba ɗaya daga sama har ƙasa, hannunka yana bin gangaren masana'anta.

Fuskar sama kaɗai ake wasawa. Fuskar ƙasa a bar ta a shimfiɗe, sai dai a shafa mata magagari sau ɗaya ko biyu a kwance don cire ɗan gashin ƙarfen da ya naɗo. Kuma iyakar tsawon da masana'anta ta wasa za a bi, kada a ƙara shiga ciki.

Magagari ya isa, ko sai injin gurza ƙarfe?

Magagari mai tsawon santimita 25 ya isa ga wuƙar da ake kula da ita, kuma shi muka fi so ga wanda hannunsa bai saba ba, domin ba ya ƙona ƙarfe, ba ya buƙatar wuta. A ɗaure wuƙar tamau a abin matse ƙarfe na teburi. Magagari a turawa yake ci, don haka a tura daga ciki zuwa ƙarshen wuƙa, a ɗaga shi in za a dawo. A ƙirga gugar da aka yi wa wannan ƙarshe a yi wa ɗayan daidai da ita, wannan zai sauƙaƙa daidaita nauyi daga baya.

Injin gurza yana da amfani in akwai giɓi. A sa masa faifan yashi mai lamba 60 ko 80, a sa tabarau, a nisanci isansi da busasshiyar ciyawa saboda tartsatsi. Haɗarinsa zafi ne. A riƙa wucewa da sauri da hannu marar nauyi, ana tsoma wuƙar a ruwa tun ba ta yi zafin da hannu zai kasa taɓawa ba. In bakin ya yi ruwan ɗorawa zafi ya fara yawa, in ya koma shuɗi ƙarfen wurin ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba sai an gurje shi an wuce. Ƙananan giɓi ba dole ba ne a bi su har ƙarshe, barin su ya fi cinye milimita 3 na wuƙa saboda su.

Mene ne daidaita nauyi, kuma dole ne?

Dole ne, kuma ya fi kaifin muhimmanci ga ran injin. Duk wasawa tana cire ƙarfe, da wuya kuma a cire daidai a ƙarshen biyu. Bambancin giram 5 ba a jin sa a hannu. Amma in yana nisan santimita 25 daga tsakiya, injin kuma yana juyi 3,000 a minti, ƙarfin da yake fizgar sandar inji da shi ya haura nauyin kilo 12, kuma yana zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Abin da ke biyo baya shi ne karkarwar da ke sa hannu ya yi sanyi, notuna su kwance, kwanon inji ya tsage a gindin kusoshi, robar da ke tare mai a ƙasan inji ta fara yoyo, mazaunin sandar ya cinye. Dakusasshiyar wuƙa ciyawa take ɓatawa, ciyawa kuwa tana sake tsirowa. Marar daidaito injin take kashewa.

Ba ni da na'urar awo. Me zan yi?

Kafa doguwar ƙusa mai santsi a jikin katako ko ƙofa, ta fito a miƙe ba ta kallon sama ko ƙasa. Rataya wuƙar ta ramin tsakiya, ka daidaita ta a kwance ka saki, a inda babu iska. In ta tsaya, juya ta ƙarshen dama ya koma hagu ka sake gwadawa. In wani gefe ya sauka, shi ne mai nauyi. Koma ka yi wa gangarensa guga huɗu ko biyar a duk tsawonsa, ka sake ratayawa, har sai ta tsaya a kwance a juyi biyun. Kada a huda rami, kada a ɗiga walda a gefe marar nauyi.

Ƙusa tana da iyaka. Gogayya tsakaninta da ramin tana ɓoye ƙaramin bambanci, shi ya sa ɗigon mai a kanta ke taimakawa. Ga wuƙa mai ramin tauraro ƙusar ba ta zama a tsakiya, sakamakon kuma ba abin dogaro ba ne. Irin wannan tana buƙatar ɗan ma'aunin nan mai siffar mazurari da ke zaune a kan tsini, wanda ramin ke hawa kansa daidai. Duk wanda ke kula da inji fiye da ɗaya ya kamata ya mallake shi. Ko da wanne za a gwada, wuƙar ta kasance a kankare tas, domin busasshiyar laka ma nauyi ce.

Yaya ake mayar da ita?

Alamar da ka sa ta kalli ƙasa, fiffike ya kalli sama wajen kwanon inji. Wuƙar da aka ɗaura a kife da bayanta take dukan ciyawa, kuma kuskure ne da ake yawan yi. Ta zauna daram a kan mazauninta, zoben ƙarfen ya koma yadda aka same shi. In mai kumburi ne ya baje, a sake sabo, domin shi ke hana notin kwancewa. Fara ɗaura notin da yatsu don kada zarensa ya haye, sannan ka sa katako ta ɗaya gefen ka matse. Yawancin injinan turawa suna neman niyuton-mita (ma'aunin ƙarfin matse noti) 50 zuwa 80, littafin injin ne ke faɗin adadin kowanne. Niyuton-mita 50 daidai yake da danna nauyin kilo 17 a ƙarshen sufana mai santimita 30. Kada a ƙara bututu a hau kai da ƙafa.

Na wasa, na daidaita, amma injin bai daina karkarwa ba.

To a duba lanƙwasa. Wayar buji a cire, juya wuƙa har ƙarshe ɗaya ya zo daidai wata alama a bangon kwano, ka auna tazararsa daga leɓen kwanon. Juyo ɗaya ƙarshen wurin ka auna. Bambancin da ya wuce milimita 3 yana nufin wani abu ya lanƙwashe. Cire wuƙar ka sa wani ya ja igiya a hankali kana kallon kan sandar inji. In tana layi maimakon ta juya a wuri ɗaya, sandar ce ta lanƙwashe, yawanci daga dukan dutse ko kututture, kuma wannan aikin makaniki ne. In bayan irin wannan duka injin ya ƙi tashi ko igiya tana fizge hannu, a duba ƴar sakatar da ke riƙe babban faifan saman inji. An yi ta da ƙarfe mai laushi don ta karye ta ceci sauran kaya, in ta goce lokacin wutar buji yana ɓacewa.

In damina ta wuce fa?

A watan Oktoba, in za a ajiye injin, a cire wuƙar a wasa ta a daidaita, a shafa mata siririn mai, a shafa kaɗan a zaren notin, a kankare ƙarƙashin kwanon. A ƙarar da isansin da ke tanki da kafireto, sannan a rufe injin saboda ƙurar hunturu. Wanda ke da fili mai faɗi ya nemi wuƙa ta biyu tun da rani, ya riƙa musanya su in aiki ya kankama.