Dalilin da ya sa likita ke cewa ka ɗaga gira, ka matse hannunsa

Marasa lafiya da 'yan uwansu da dama sukan yi mamaki, wasu har su ji haushi, idan suka kawo mutum asibiti da matsanancin ciwon kai ko mutuwar hannu, sai su ga ma'aikacin lafiya ya tsaya yana cewa mara lafiyar ya yi murmushi, ya fito da harshe, ya taɓa hancinsa da yatsa, maimakon ya tura shi ɗaukar hoto nan take. Wannan shi ne gwajin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma kayan aikinsa ba su wuce tocila da ƙaramar gudumar roba da auduga da wani abu mai ɗan tsini ba. Tambayar da yake amsawa ita ce: a ina matsalar take? A ƙwaƙwalwa ne, ko a lakar ƙashin baya, ko a jijiyar da ta fita zuwa hannu da ƙafa, ko a tsokar kanta? Sai an san wurin ake sanin ɓangaren da za a ɗauki hotonsa da irin gaggawar da lamarin ke bukata.

Gwajin yana farawa tun kafin a taɓa mara lafiya, domin muna kallon yadda ya shigo, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko maganarsa na sarƙewa, ko ya san inda yake da ranar da ake ciki. Idan hankalinsa ya gushe, akwai ma'aunin Gilasgo wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a shekarar 1974. Ana ba da maki 4 ga buɗe ido, 5 ga magana, 6 ga motsi. Mai cikakken hankali yana samun 15, mafi ƙanƙanta kuwa 3 ne, kuma wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka yana cikin mummunan hali har ana tsoron ba zai iya kare hanyar numfashinsa ba. A nan ne ya wajaba a auna sukarin jini, domin faɗuwar sukari tana iya kawo ruɗewa da mutuwar ɓarin jiki, alhali kuwa ana gyara ta cikin mintoci.

Daga nan sai jijiyoyi guda 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa bibbiyu, dama da hagu, waɗanda ke kula da gani da ji da motsin ido da fuska da haɗiya da harshe. Idan aka haska tocila a ido, ɗigon baƙin da ke tsakiyarsa ya kamata ya tsuke a idanun biyu. Wanda ya bugu a kai, idan ɗigon ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, ana fargabar jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kai yana danne jijiya ta uku, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye.

Batun karkacewar baki shi ne na fi so jama'a su fahimta, domin a kansa ake yawan kuskure. Tsokar goshi tana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, tsokar baki kuwa daga ɓangare ɗaya ne, na kishiyarta. Saboda haka idan baki ya karkace amma mutum yana iya ɗaga girarsa duka biyun, an fi zargin ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa rabin fuskar ya mutu gaba ɗaya, goshin bai tattare ba, idon ma ba ya rufuwa sosai, to galibi jijiyar fuskar ce kanta ta kamu, kuma mafi yawan masu wannan suna warkewa. Ban faɗi wannan don a yanke hukunci a gida ba. Duk wanda bakinsa ya karkace kwatsam a kai shi asibiti nan take.

Ƙarfin gaɓoɓi ana auna shi daga 0, inda babu ko motsin tsoka, zuwa 5, wato cikakken ƙarfi, ana kuma gwada dama da hagu a kowane mataki. Raunin da bai fito fili ba yakan bayyana idan mutum ya miƙa hannuwansa biyu, tafin yana kallon sama, ya rufe ido: hannun da ke da matsala zai riƙa juyawa yana saukowa a hankali. Gudumar robar da ake bugawa a ƙasan gwiwa tana nuna ko zaburar ƙafar ta yi yawa, abin da ke nuni ga ƙwaƙwalwa ko laka, ko kuma ta ɓace, abin da ya fi nuni ga jijiyar da ta fita zuwa ƙafa. Idan aka karci tafin ƙafar babban mutum, babban yatsa ya kamata ya lanƙwasa ƙasa. Idan ya ɗaga sama, alama ce ta lahani a hanyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa, alamar da likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana a 1896. A jarirai kuwa ɗagawar yatsan ba ciwo ba ne.

Auduga da abu mai tsini na gwada ji a fata ne, kuma masu ciwon sukari sun fi kowa bukatar a riƙa yi musu wannan a ƙafa, domin ƙafar da ta daina jin zafi ita ce ke yin gyambo mai shi bai sani ba. Taɓa hanci da yatsa da tafiya a kan layi suna gwada daidaiton motsi. Mai zazzaɓi da ciwon kai kuwa dole a duba ko wuyansa ya sandare, saboda sanƙarau.

Akwai abin da 'yan uwa kaɗai ke iya kawowa, kuma gwajin bai cika ba sai da shi: lokacin da aka ga mara lafiyar lafiya ƙalau na ƙarshe. Maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa yawanci ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamun, bayan hoto ya nuna ba zubar jini ba ce. A faɗi ko ya faɗi ya bugu, ko ya yi jijjiga, ko yana shan maganin hawan jini ko na tsinka jini. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci a hanya, domin haɗiyarsa na iya lalacewa abin ya wuce huhu.

Ga abokan aikina kuma, ina roƙon a rubuta abin da aka gani dalla-dalla tare da lokacin da aka gani, a maimaita gwajin bayan ɗan lokaci. Wanda ya samu maki 14 a ma'aunin Gilasgo da safe ya koma 11 da rana yana bukatar a kira likita a take, kuma mai karɓar aiki ba zai gane an samu wannan raguwar ba sai wanda ya gabace shi ya bar masa lambar farko a rubuce.