Waiwaye: Yadda Garin Samariyam Ya Fita Daga Ɗakin Gwaji Ya Shiga Rigimar Manyan Ƙasashe

A ranar 4 ga Afrilun 2025, ana tsakiyar takun-saƙar haraji tsakaninta da Amurka, ƙasar Sin ta sanar cewa ba za a ƙara fitar da wasu ma'adanai bakwai daga ƙasarta ba sai da lasisin gwamnati. Cikin bakwai ɗin akwai samariyam, kuma dokar ta haɗa da ƙarfensa da maganaɗisun da ake yi da shi da kuma garinsa, wanda masana kimiyya ke kira samariyam oksayid. Mutane da yawa a ranar suka fara jin sunan, alhali kuwa garin ya shafe kusan shekara ɗari da hamsin a hannun masu bincike.

Samariyam oksayid gari ne fari mai ɗan ratsin ɗorawa, wanda ke samuwa idan ƙarfen samariyam ya haɗu da iskar oksijin, ƙwayoyi biyu na ƙarfen ga uku na iskar. Ba ya narkewa a ruwa, amma yana narkewa a asid, kuma idan aka bar shi a buɗe yakan tsotsi laimar da ke cikin iska. Wuta ba ta narkar da shi sai zafinta ya wuce digiri 2,300 a ma'aunin Salshiyas. Masanan farko "ƙasa" suke kiran duk wani gari irin wannan da ya gagari ruwa da wuta, kuma daga nan ne dangin ma'adanan da samariyam ke cikinsu suka samo laƙabinsu na ƙasa mai wuyar samu. Laƙabin yana da yaudara, domin samariyam ya fi kuza yawa a ɓawon duniya. Wahalarsa ita ce ba a samun sa shi kaɗai; kullum yana cuɗe da 'yan uwansa sama da goma waɗanda halayensu suka yi kama da nasa ƙwarai, kuma raba su shi ne aikin da ya cinye shekarun masana.

Labarin ya faro ne daga wani baƙin dutse mai nauyi da aka haƙo a tsaunukan Ural na Rasha. A 1847 wani masani Bajamushe, Heinrich Rose, ya raɗa wa dutsen suna samaskayit don girmama Vasili Samarsky-Bykhovets, babban jami'in haƙar ma'adanai na Rasha wanda ya ba da damar a sami samfurinsa. A 1879 Bafaranshe Paul-Émile Lecoq de Boisbaudran, yana duba abin da ya tace daga irin wannan dutse ta na'urar tsaga haske, ya ga wasu layuka da ba su dace da kowane sinadari da aka sani ba. Ya ware garin, ya ba shi suna daga sunan dutsen. Ta haka wani jami'in gwamnati da bai gano komai da hannunsa ba ya zama mutum na farko da sunansa ya hau kan wani sinadari. Garin na Lecoq ma ashe bai tatu ba, domin a 1901 Eugène Demarçay ya fitar da wani sabon sinadari daga cikinsa, wato yurofiyam.

Daga nan har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, garin bai da wata kasuwa ta a-zo-a-gani. Hanyar tace shi a lokacin ita ce a narkar, a bari ya daskare, a sake narkarwa, sau ɗaruruwa ko dubbai, kafin a sami ɗan abin da zai cika cokali. Binciken nukiliya ne ya sauya lamarin. A ɗakin gwaji na Ames da ke jihar Iowa, Frank Spedding da abokan aikinsa suka samar da hanyar rarrabe dangin ta amfani da dogayen bututu masu riƙe wani sinadari su saki wani, kuma a karon farko aka iya samun tataccen gari da yawa. Masu wannan bincike suna da dalilin damuwa da samariyam, saboda nau'insa mai lamba 149 yana haɗiye ƙwayoyin nutron sosai, yana kuma taruwa da kansa a cikin tukunyar nukiliya ya rage mata ƙarfi. Wannan halin da ke zama matsala shi ne kuma ya sa ake amfani da garin a wasu kayan da ke sassauta wutar tukunyar.

Sauran ayyukansa kanana ne amma tabbatattu. Ana zuba shi cikin gilashi domin ya tsotse hasken zafi da ido ba ya gani, musamman a na'urorin leza, kuma yana hanzarta wasu haɗe-haɗen sinadarai a masana'antu. Likitoci suna amfani da samariyam 153, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, wajen rage raɗaɗin ciwon dajin da ya bazu zuwa ƙashi.

Abin da ya ɗaga darajarsa da gaske shi ne maganaɗisu. A shekarun 1960, Karl Strnat, wanda ke aiki a sansanin sojan sama na Wright-Patterson a jihar Ohio, da Alden Ray na Jami'ar Dayton, suka nuna cewa haɗin samariyam da ƙarfen kobalt yana ba da maganaɗisun da ya fi duk na zamaninsa ƙarfi. Kafin a kai ga haka sai an mayar da garin ƙarfe, ta hanyar gasa shi da ƙarfen lantanam a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda samariyam ke tashi kamar tururi ya daskare a gefe. Amma mulkin wannan maganaɗisu bai daɗe ba. A 1978 'yan tawaye suka afka wa garin Kolwezi a lardin Shaba na Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu, cibiyar kobalt ta duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamfanoni suka bazama neman madadi. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors, kowanne a nasa ɓangaren, suka fito da maganaɗisun niyodimiyam, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi araha, ya kuwa ƙwace kasuwar.

Sai dai akwai inda sabon ya gaza. Ƙarfinsa yana raguwa da zarar ya yi zafi, ga shi da saurin tsatsa, alhali na samariyam yana aiki a zafin digiri 300 ba tare da ya sare ba. Saboda haka ya ci gaba da zama abin dogaro a injinan jiragen yaƙi da makamai masu linzami da na'urorin hangen jirage da taurarin ɗan'adam. Kasuwar ta zama ƙarama, masu sayen kuma akasari ma'aikatun tsaro ne, kuma a ganina ƙanƙantar nan ce ta sa ƙasashen Yamma suka yi sakaci da ita, tunda ribarta ba ta kai ta riƙe masana'antar tacewa ita kaɗai ba.

Ita kuwa Sin ta daɗe tana shiri. Tun a shekarun 1970 masani Xu Guangxian ya tsara hanyar tacewa mai matakai da yawa wadda ta rage tsadar aikin ƙwarai, ga kuma makeken ramin Bayan Obo a Mongoliya ta Gida yana ba da ɗanyen kaya. Masana'antar La Rochelle ta Faransa ta daina sarrafa yashin monazayit, wanda ake fitar da waɗannan ma'adanai daga cikinsa, a shekarun 1990 saboda sharar da ke fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, ramin Mountain Pass na Kalifoniya kuma ya rufe a 2002, ko da yake an sake buɗe shi daga baya. Irin wannan yashi na monazayit ana samun sa har a cikin ragowar ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos, amma mallakar yashin daban, iya fitar da samariyam daga cikinsa daban. Lokacin da sanarwar Afrilun 2025 ta fito, kusan duk samariyam ɗin da ake sayarwa a duniya a Sin ake tace shi, har da wanda ke shiga makaman Amurka.