Jirgin Moyie na Tafkin Kootenay: Ga Amsoshin Tambayoyinku

Wane irin jirgi ne Moyie?

Jirgin ruwa ne mai aiki da tururi, wani babban wili mai filafilai ke tura shi daga baya. A tafkin Kootenay ya yi aiki, a lardin British Columbia na Kanada, daga 1898 zuwa 1957. Yanzu ba ya tafiya, yana ajiye a gaɓar tafkin.

Wai a Amurka aka ƙera shi?

A'a. A Toronto aka ƙera sassansa, aka harhaɗa su a garin Nelson da ke bakin tafkin Kootenay. Na kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ne. Kogin Stikine aka nufa da shi tun farko saboda masu rububin zinariyar yankin Klondike da ke arewacin Kanada, sai shirin ya wargaje.

Me ya sa wilin yake a baya?

Ƙauyukan bakin tafkin da yawa ba su da matsayar jirgi. Shi kuwa ƙasansa a baje yake, sai ya kafa hancinsa a gaɓa, wilin na can inda ruwa ke da zurfi, a shimfiɗa katako, a sauke mutane da kaya da wasiƙu. Don Allah ku daina ce masa jirgin yawon shaƙatawa. Shi ne motar mutanen nan, shi ne gidan wayarsu.

Me ya kashe masa kasuwa?

Layin dogo da titin mota.

To me zai hana a gyara shi a mai da shi cikin ruwa?

Wannan tambayar tana da nauyi, kuma na san ƙauna ce ke sa ku yin ta. Idan akwai kuɗi, wataƙila ya yiwu. Amma ku duba: ɗakunansa na sama duk katako ne da ya haura shekara 120, ga tukunyar tururi da sai an hura mata wuta. Kafin a yarda ya ɗauki fasinja a yau, mai yiwuwa sai an sauya tukunyar, an sauya ƙarafa da katakai masu yawa. Bayan haka me ya rage na Moyie in ban da suna? Wasu za su ce jirgin da ba ya tafiya gawa ne, kuma ban raina maganarsu ba. Ni dai ɗan'uwansa Minto, wani jirgi irinsa, nake tunawa, wanda ya yi aiki a tafkunan Arrow har 1954, aka rasa yadda za a adana shi, aka cinna masa wuta a 1968. Moyie ya tsira ne domin mutanen Kaslo, wani gari a bakin tafkin, sun saye shi a kan dala 1, suka jawo shi gaɓa, suka riƙe shi. A ganina a bar shi inda yake.

Ana iya shiga cikinsa?

Ƙwarai, ku kwantar da hankalinku. Yana nan a Kaslo, gidan tarihi ne yanzu. Ku je lokacin zafi, domin ana rufe shi da hunturu.