Sabuwar waya dal a kwali, amma ga karce a jikinta: tambayoyi da amsoshi

Mutum ya tara kuɗi ya sayi waya sabuwa fil, ya je gida ya ɓare leda, sai ya tarar da ɗan karce a gefe ko ƙura a cikin gilashin kyamara. Ya koma shago, mai shago ya ce ai a hannunsa abin ya faru. Yawancin irin wannan rigima ana iya kauce mata da minti goma na dubawa kafin a bar shago. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun.

Ta yaya wayar da ba a taɓa buɗe kwalinta ba za ta zo da karce?

Kafin waya ta shiga kwali ta bi ta injina da hannaye masu yawa. Ɗauki wadda jikinta na alminiyam ne. Ana sassaƙo jikin daga curin ƙarfe, a goge shi, a yi masa feshin yashi mai laushi, sannan a tsoma shi cikin ruwan asid a sakar masa lantarki har ya yi wata fata mai tauri a sama. Wannan fatar ce ke shan rini, ita ce launin baƙi ko shuɗi da kake gani. Kaurinta yawanci tsakanin maikiron 5 zuwa 25 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum ɗaya yana kai wa wajen maikiron 70. A ƙarƙashinta kuwa farin alminiyam ne mai taushi.

Bayan rinin ne ake fara haɗa wayar: a ɗora jikin a faranti, a matse shi a maƙale, a ɗaura sukurori, a manna sikirin, a tura wa na gaba. Ko ina a nan ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a faranti ya isa ya bar tabo. Inda aka fi samun matsala shi ne baki mai kaifi, domin fatar ba ta kama kusurwa da kyau kamar yadda take kama shimfiɗaɗɗen wuri, kuma nan ne take saurin ɓalgacewa.

Abin da ya faru da iPhone 5 ke nan a 2012. Masu saye da dama sun buɗe kwali sun tarar da baƙar ta riga ta ƙuje a gefen da aka fiƙe, farin ƙarfe na leƙowa. A 2016 da Apple ya fito da iPhone 7 mai baƙi mai sheƙi, da kansa ya rubuta gargaɗi cewa jikinta zai iya nuna ƙananan karce, ya ba da shawarar a sa mata riga. A 2025 ma an yi ƙorafi kan ƙujewar bakin tudun kyamarar iPhone 17 Pro, wanda shi ma alminiyam ne mai kusurwa.

Launi mai duhu ya fi tona asiri. Karcen da zai fito ɓaro-ɓaro a baƙar waya, a mai launin azurfa da kyar za ka gan shi, tun da launin sama da na ƙasa kusan ɗaya ne.

To, ba a duba su ne a masana'anta?

Ana dubawa, sai dai akwai iyakar da aka yarda da ita. Kowane kamfani yana da takardar da ta fayyace irin tabon da za a bari ya wuce. Ana raba jikin waya kashi-kashi: fuska ita ce aka fi tsananta wa, sai baya da gefe, sai wuraren da ido bai cika kaiwa ba kamar cikin ramin caja. Mai dubawa yana riƙe wayar a tazarar kamar santimita 30 daga ido, ƙarƙashin haske da aka ƙayyade, na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da bai gani ba a wannan yanayi ya wuce. Kai kuwa da ka kashe kuɗinka za ka kai ta bakin hanci, ka haska da tocila, ka yi ta juyawa minti biyar.

Ban da duba ɗaya bayan ɗaya da kyamarori da ma'aikata ke yi, akwai binciken ƙarshe na samfuri, kamar yadda mai sayen buhun masara yake ɗibar ɗan kaɗan ya duba. A ma'aunin ISO 2859-1 da masana'antu da yawa ke amfani da shi, idan kaya sun kai tsakanin 3,201 zuwa 10,000, a matakin bincike na yau da kullum ana zaro 200. A ƙa'idar da aka fi bi ga kayan masarufi, idan masu ƙaramin lahani ba su wuce 14 ba a cikin 200 ɗin, ko masu babban lahani ba su wuce 10 ba, duk kayan sun wuce. Manyan kamfanonin waya suna iya sa iyaka mai tsauri fiye da haka, amma tsarin ɗaya ne, an riga an san wasu za su sulale. Kuma sun fi sulalewa a makonnin farko na sabon samfuri, lokacin da ake tseren cika oda, an ɗebi sabbin ma'aikata, ba a kuma gama daidaita injina ba. Wanda zai iya haƙurin wata biyu ko uku kafin ya sayi sabon yayi ya rage wa kansa caca.

An ce gilashin zamani ba ya karcewa. Me ya sa nawa ya karce a mako ɗaya?

Ƙarfin jure faɗuwa daban, ƙarfin jure karce daban. Gorilla Glass na kamfanin Corning ana ƙarfafa shi ne ta hanyar tsoma shi cikin narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 400, inda sinadarin fotasiyam yake maye gurbin sodiyam a saman gilashin ya matse shi. Wannan yana hana tsagewa ta yaɗu. Taurin saman gilashin kuwa bai canja sosai ba.

A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, yawancin gilasan waya suna fara karcewa a 6, su yi zurfi a 7. Makulli da kwabo ba su kai nan ba, shi ya sa sau da yawa abin da suke bari a gilashi shafar ƙarfe ce da za a iya gogewa. Yashi kuwa akwai ƙwayoyin dutse masu taurin 7 a cikinsa. Ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa. A ƙasar Hausa, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan ne babban abin da ke cin sikirin: ƙura ta kwanta a kai, mutum ya sa gefen riga ya murza da ƙarfi. A fara hure ƙurar tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.

Haka ma rigar waya. Tana kare faɗuwa, amma yashin da ya maƙale tsakaninta da jikin waya yana ta gugar gefen a hankali. A riƙa cire ta ana wankewa ko da sau ɗaya a mako.

Ta yaya zan gane karce na gaske da wanda ba shi ba?

A ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a goge wurin. Idan ya tafi, datti ne ko shafar wani abu. Idan yana nan, a bi ta kansa da farce a hankali. Farce bai maƙale ba, to mai yiwuwa a shafen da ke hana maiƙon yatsa kama gilashi ne kawai, wanda da ma yana sirancewa da amfani. Farce ya maƙale, karcen ya shiga gilashin kansa.

Wani abu da ke ruɗa mutane: wayoyi da yawa, musamman masu matsakaicin farashi, suna zuwa da siririyar ledar kariya manne a sikirin daga masana'anta. Ita ce ke karcewa cikin kwana biyu, gilashin na ƙasa lafiya lau. Amma a kan waya mai naɗewa kada a kuskura a ɓare komai. A 2019 wasu masu gwajin Galaxy Fold na farko sun ɓare shimfiɗar sama a zaton leda ce, sikirin ya mutu, kuma tare da matsalar ƙura da ke shiga ta maƙalar naɗin, sai da Samsung ya ɗage fitar da wayar daga Afrilu zuwa Satumba.

Wane lahani ne za a iya kau da kai a kansa, wanne ne ba za a yarda ba?

Siririn karce a baya ko gefe bai taɓa aikin waya, sai dai ya rage mata daraja ranar sayarwa, don haka hujja ce ta neman ragi. Waɗannan kuwa ba abin sasantawa ba ne.

Ɓalgacewa ko tsaga a bakin gilashi, komai ƙanƙantarta, domin daga nan fashewa ke tashi. Rata tsakanin sikirin da jiki, ko baya da ya ɗan ɗaga: ko dai gam bai kama ba, wanda ke nufin alƙawarin hana ruwa shiga ya tashi, ko kuma batir ne ke kumbura. Ƙura ko raɓa a cikin gilashin kyamara ita ma shaida ce cewa liƙin bai yi ba. Sai ɗigon hoto da ya mutu ko ya tsaya a launi ɗaya a sikirin, da koren layi da ke ratsa sikirin na AMOLED (wani nau'in sikirin waya) daga sama zuwa ƙasa, wanda ya yawaita a Indiya har OnePlus ya ba da garantin sikirin na dindindin a can a 2023. Sai jikin da ya lanƙwashe. A ɗora wayar ta fuska a kan gilashin teburin shago, a danna kusurwoyi a ga ko tana rawa.

Batir shi ne mafi haɗari, kuma ido ba ya ganin lahaninsa. Galaxy Note 7 ta 2016 tas take a waje. A ciki, kamfanoni biyu ne suka yi wa Samsung batirinta: batirin kamfani na farko ya matse a kusurwa har farantansa suka lanƙwashe, na kamfani na biyu da aka musanya da shi kuma yana da tsinin walda, wasu ma ba a sa musu tef ɗin kariya ba. An janye wayoyi kusan miliyan 2.5 a karon farko, a watan Oktoba aka daina ƙera ta gaba ɗaya. Sabuwar waya da ke zafi tana ajiye ba a aiki da ita, a kashe ta a mayar.

Garanti zai ɗauki karce?

Kusan duk takardun garanti sun cire lahanin da ya tsaya a kwalliya: karce, lotsawa, ƙujewar fenti. Dalilinsu shi ne ba yadda za a tabbatar ba a hannunka ya faru ba. Abin da ke aiki a nan shi ne damar mayar da kaya, kuma ta dogara da inda aka saya. Apple yana karɓar abin da aka saya kai tsaye daga wurinsa cikin kwana 14. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki.

A Nijeriya akwai dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ake kai wa ƙorafi, amma a zahiri a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas, abin da ya fi tasiri shi ne yarjejeniyar da kuka yi da mai shago da abin da aka rubuta a rasit. Tecno da Infinix da itel suna da cibiyoyin gyara na Carlcare, Samsung ma yana da wakilan gyara, kuma za su saurari lahanin aiki idan akwai rasit. Wayar da aka shigo da ita daga Dubai ko Amurka kuwa, garantinta yana iya zama na ƙasar da aka sayar da ita kaɗai.

Me zan duba kafin in bar shago?

A buɗe kwalin a gaban mai shago, in da hali wani yana ɗaukar bidiyo tun daga liƙin. Idan saƙo aka kawo, bidiyon ya zama dole, ba tare da yankewa ba. A fita da wayar wurin haske, sikirin a kashe, a karkata ta a hankali, domin karce ya fi fitowa idan haske ya zo ta gefe. A bi gefuna huɗu da yatsa, a haska cikin kyamarori da tocila.

Sannan a kunna. A buga *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai lamba 15, za ta fito. Ta zama daidai da ta kwali, kuma a sa mai shago ya rubuta ta a rasit. A buɗe hoto fari tas, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, a nemi ɗigo ko layi. A yawancin wayoyin Samsung *#0*# yana buɗe shafin gwajin launi da taɓi da sifika. A ɗauki hoton farar takarda da kowace kyamara: tabon da ke fitowa wuri ɗaya a duk hotuna ƙura ce a ciki. A sa sim a yi kira, a jona caja a ɗan girgiza kan wayar a ga ko caji yana yankewa, a danna kowane maɓalli.

Idan kuma tsohuwa ce aka sake liƙewa a kwali?

Yana faruwa, injin liƙa leda ba shi da tsada. Alamunta su ne sukurorin ƙasa da bakinsu ya cinye, datti a ramin caja ko ragar sifika, da ɗigon gane ruwa da ke cikin ramin sim na wayoyi da yawa, wanda ya kamata ya zama fari. In ya yi ja, ta sha ruwa. A iPhone a shiga Settings, General, About a dubi harafin farko na lambar samfuri: M sabuwa ce, F wadda kamfani ya sabunta, N wadda aka bayar musanya. Daga iPhone 15 zuwa sama ana iya ganin sau nawa aka cika batir, kuma sabuwa bai kamata ta wuce 'yan kaɗan ba. A kuma sa lambar siriyal a shafin garanti na kamfanin. Idan garantin ya fara ƙirga watanni da suka wuce, wani ya riga ka kunna ta.

Akwai yadda za a goge karcen da ya riga ya faru?

Man goge baki da ake yawan ba da shawara bai cire karce a gilashi, abin da yake cirewa shi ne shafen hana maiƙo, sai wurin ya koma yana kama shatin yatsa. Gilashin kariya mai kyau yana ɓoye ƙananan karce, saboda gam ɗinsa yana cike ramin. Mai zurfi sai canja sikirin, kuma idan aka buɗe waya a wurin da ba na kamfani ba garanti yana iya faɗuwa, liƙin hana ruwa ma da wuya ya koma yadda yake. Fentin alminiyam da ya ƙuje ba ya gyaruwa sai an canja jikin gaba ɗaya, aikin da ke buƙatar kwashe duk kayan ciki zuwa sabon jiki, kuma kuɗinsa yakan fi abin da karcen ya rage wa wayar a kasuwa.