Yadda Daular Tang ta ƙasar Sin ta riƙe hanyoyin fatake a hamadar Taklamakan

Me ya kai sarakunan Sin cikin hamada?

Tsaro da dawakai. Turkawa makiyaya sun daɗe suna kai wa Sin hari, kuma harajin da suke karɓa daga garuruwan dausayi yana ƙara musu ƙarfi. Da Sarki Taizong ya karya Turkawan gabas a shekarar 630, sai ya fuskanci yamma, ya ci masarautar Gaochang da ke kusa da garin Turfan a 640.

To, yaya ake mallakar rairayi?

Ruwa ake mallaka. Ayari ba ya ratsa tsakiyar Taklamakan, gefenta yake bi daga wannan dausayi zuwa wancan, don haka duk wanda ya riƙe zango ya riƙe hanya. Tang ta girke dakaru a Kucha, Khotan, Kashgar da Karashahr, ta bar sarakunan garuruwan a kan gadonsu muddin sun yi mubaya'a. Falke kuma ba ya wuce shinge sai da takardar izini mai ɗauke da sunansa, da mutanensa, da yawan dabbobinsa. An tono irin waɗannan takardu a kaburburan Turfan, bushewar ƙasar ce ta adana su.

Sinawa ne ke fataucin?

Akasarin fataken Sogdiyawa ne, mutanen yankin Samarkand da Bukhara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babban mai zuba siliki a hanyar ita ce gwamnati da kanta. Da turamen siliki ake biyan sojoji albashi, su kuma su sayi hatsi da sauran bukatu da shi, daga nan ya shiga hannun fatake. Sojan ne ya raya kasuwar.

Yaƙin Talas ne ya kawo ƙarshen mulkinsu a can?

Haka ake yawan faɗa, amma an zuzuta. A 751, a bakin kogin Talas, rundunar Abbasiyawa ta ci dakarun Gao Xianzhi, kwamandan Tang, bayan Turkawan Karluk da ke tare da shi sun juya masa baya, sai dai sansanonin nan huɗu ba su faɗi ba. Abin da ya karya mulkin Tang a can daga gida ya fito: tawayen An Lushan, wani babban kwamandanta, a 755. Aka janye sojojin yamma don ceton gadon sarauta, mutanen Tibet suka mamaye mashigin Gansu, har suka shiga babban birni Chang'an a 763. Dakarun da suka rage a Kucha sun ci gaba da tsaron gari shekaru masu yawa, hanyar gida a toshe.