Kamfanin Wuta da Gas Ya Cire Kuɗi a Asusuna a Birtaniya Ba Zato: Tambayoyi da Amsoshi

Mu da muka taso da mita mai kati mun saba da abu ɗaya: ka sayi yunit, ka loda, ranar da ya ƙare wuta ta ɗauke. A Birtaniya yawancin gidaje ba haka suke biya ba. Kai ne kake ba kamfani izini ya riƙa zaro kuɗi daga asusunka duk wata, tsarin da bankuna ke kira Direct Debit. Ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka zo ba da daɗewa ba su ne abin ya fi girgizawa, musamman idan cirewar ta faɗo ana saura kwana biyu a biya kuɗin haya.

Na saba ana cire mini fam 90, yau na ga an cire 240. Ta ina wannan ya fito?

Yawanci abin da ake cire maka duk wata ba kuɗin wutar da ka sha a watan ba ne. Kamfani yana ƙiyasta abin da za ka sha a shekara, ya raba gida 12. A watannin zafi kana biyan fiye da abin da ka sha, rarar tana taruwa. Da sanyi ya shigo aka kunna hita dare da rana, sai rarar ta narke. Idan kamfani ya duba ya ga ƙiyasinsa ya gaza, zai ɗaga kuɗin wata, ya kuma ɗora bashin da ya taru a kai.

Sau da yawa tushen matsalar mita ce. Wanda ya yi wata shida bai tura lambobin mitarsa ba, da ƙiyasi ake masa lissafi, kuma mu 'yan Najeriya mun san ɗacin bil na ƙiyasi tun daga gida. Duba takardar bil ɗinka: harafin E kusa da lambobin yana nufin ƙiyasi ne, ba karatun gaskiya ba. Ko mita ta zamani mai tura lambobi da kanta takan daina turawa, mai gida bai sani ba.

Sai kuma farashi. Hukumar Ofgem, wadda ke sa ido kan kamfanonin makamashi a Ingila da Sikotilan da Wales, tana sabunta iyakar farashi duk wata uku: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Iyakar tana kan farashin kowane yunit ne da kuɗin da ake ɗora wa mita kullum. Ba ta hana bil ɗinka hauhawa idan ka sha da yawa.

Amma ai ba su faɗa mini ba. Suna da ikon yin haka?

Ba su da shi. Duk izinin cire kuɗi irin wannan yana tafe da garanti da bankuna suka amince da shi. Idan kamfani zai canza yawan kuɗin, ko ranar cirewa, ko sau nawa ake cirewa, dole ya sanar da kai tukuna, yawanci kwanakin aiki 10 kafin ranar, sai fa in kun yi yarjejeniya a kan wani wa'adin daban.

Kafin ka ɗaga murya, ka bincika da kyau. Buɗe imel ɗinka har da akwatin saƙonnin banza, ka shiga manhajar kamfanin, ka duba wasiƙun da ke jibge a bakin ƙofa. Na sha ganin mutum yana rantsuwa ba a sanar da shi ba, alhali sanarwar tana cikin ambulan da bai taɓa buɗewa ba.

Na duba, babu sanarwa. Yaya zan karɓo kuɗina?

Banki za ka nufa, ba kamfani ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci. Garantin ya ce idan an yi kuskure wajen cirewar, ko daga kamfani ko daga banki, kana da haƙƙin bankinka ya mayar maka da kuɗin cikakke nan take. Ka kira su ko ka rubuta ta manhaja, ka ce kana neman a mayar maka da kuɗi a ƙarƙashin Direct Debit Guarantee, ka faɗi rana da adadi da dalili. Idan ma'aikacin ya ce ka je ka sasanta da kamfani tukuna, ka tsaya a kan bakanka cikin ladabi. Aikin banki ne ya biya ka, shi kuma ya bi kamfani. In sun ƙi, ka shigar da ƙorafi a rubuce, daga nan akwai Financial Ombudsman Service, wanda ke raba gardama tsakanin banki da masu ajiya kyauta.

Abu ɗaya: garantin bai shafi kuɗin da aka cire ta lambar katinka ba. Wannan tsari ne daban, don haka ka tabbata wanne aka yi amfani da shi.

To in banki ya mayar mini, an rabu ke nan?

A'a. Mayar da kuɗi ya gyara yadda aka cire ne, bai shafe abin da ka sha ba. Idan da gaske ana bin ka, bashin yana nan daram. Garantin ma da kansa ya ce wanda ya karɓi kuɗin da bai cancanta ba sai ya mayar idan kamfani ya nema. Saboda haka a ranar ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas, lambobin su fito sarai, ka tura wa kamfani, ka nemi sabon bil a kan karatun gaskiya. Ka kuma ce su yi maka bayanin yadda suka kai ga sabon adadin, domin ƙa'idar Ofgem ta wajabta musu kafa shi a kan sahihin bayani. In lissafi ya nuna kai ne kake da rara a wurinsu, kana iya neman a dawo maka da ita.

Ba gara in soke izinin kowa ya huta ba?

Kana da ikon sokewa kowane lokaci ta bankinka. Sai dai ban ba da shawarar a yi shi cikin fushi ba. Masu biya bayan bil ya zo sukan biya farashi mafi tsada, kuma bashin da aka bari ya kwanta yana iya ɓata maka suna a wurin masu ba da rance, har ya dawo maka ranar da kake neman haya ko bashin sayen gida. In dole ne ka soke, ka sanar da kamfani a rubuce, ku tsayar da wata hanyar biya.

Sunan da ya fito a asusuna ban ma san shi ba, ko kuma na riga na bar gidan.

Kamfanoni da dama sun durƙushe a 2021 lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, aka mayar da abokan cinikinsu ga wasu. Wani kamfanin kuma sunan da yake talla da shi daban, wanda ke fitowa a banki daban. Banki zai iya faɗa maka kamfanin da ke riƙe da izinin. Idan ba ka taɓa ba da shi ba, a soke, a mayar maka.

Wanda ya tashi daga gida bai ba da karatun mita na ranar fita ba, za a ci gaba da lissafa masa wutar da wani ke sha. Ka tura musu takardar ƙarewar haya da hoton mita. Idan kamfani ka canza, tsohon yana da mako 6 ya aiko da bil na ƙarshe, sannan kwanakin aiki 10 ya mayar da rararka.

Sun ce bashin shekara biyu ne da suka manta ba su lissafa ba.

Tun 2018 Ofgem ta hana kamfani bin mutum kuɗin makamashin da ya sha fiye da wata 12 baya idan laifin rashin lissafin nasu ne. Kariyar tana faɗuwa idan kai ka hana a karanta mita, ko an aiko maka da bil daidai ka ƙi biya.

Kamfani ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ina zan kai ƙara?

Rubuta wa kamfanin ƙorafi, ka karɓi lambarsa, ka adana kwanan wata da duk abin da aka faɗa maka a waya. Idan mako 8 ya cika ba a warware ba, ko sun ba ka wasiƙar cewa sun kai iyakarsu, ka kai wa Energy Ombudsman, wanda ke raba gardama tsakanin kamfanonin makamashi da abokan cinikinsu. Ba a biyan ko kwabo, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfani idan ka amince da shi. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice na taimakawa kyauta a Ingila da Wales, a Sikotilan kuma Advice Direct Scotland.

Lissafinsu daidai ne, ni ne ba ni da halin biya.

Ka faɗa musu da wuri, kada kunya ta hana ka. Wajibi ne su duba ƙarfinka su tsara maka biya kaɗan-kaɗan. Kafin ka kira, rubuta abin da ke shigo maka a wata da abin da haya da abinci da mota ke ci, ka faɗi adadin da za ka iya ɗauka ba tare da ka karya alkawari ba. Idan akwai jariri, tsoho ko mara lafiya a gidan, ka ce a saka ku a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman, wadda ake kira Priority Services Register, ita ma kyauta ce.